Yaro Ya Aikata Laifin Manya: Wace Kotu Ce Ta Dace Da Shi?

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wasu yara sun daɓa wa wani bawan Allah wuƙa saboda wayar hannu, ko ƙauraye sun sassari mai shago a bakin kasuwa, magana guda ce ke fitowa daga bakin jama'a a majalisu da teburan masu shayi, tun daga Daura har Mai'aduwa: wanda ya iya riƙe makami ya zubar da jini, to ya iya ɗaukar hukuncin manya, a daina fakewa da cewa yaro ne. Masu wannan magana ba mugayen mutane ba ne. Mutane ne da suka gaji da zuwa jana'iza, suka kuma gaji da ganin wanda aka kama jiya yana yawo a unguwa yau yana hura hanci. Duk mai son ya yi jayayya da su, wajibi ne ya fara da girmama wannan ɓacin rai nasu.

Duk da haka, ra'ayina shi ne bai kamata a gurfanar da yaro a kotun manya ba, bai kuma kamata a kulle shi a kurkukun manya ba, komai girman laifin da ake tuhumarsa da shi. Ban ce a sake shi ya tafi gida ba. Cewa nake a yi masa shari'a a kotun da ta san yadda ake sauraron yaro, a tsare shi a inda zai fito ya fi yadda ya shiga, a kuma biya wanda aka zalunta haƙƙinsa. Addininmu da dokar ƙasarmu sun fi kusa da juna a wannan batu fiye da yadda mutane da yawa ke zato. Abin da muka rasa a wannan masarauta, da ma jihar baki ɗaya, shi ne wurin da za a kai irin wannan yaro.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 2006 aka kama wata yarinya 'yar Jihar Katsina, tana da shekara 13, bisa zargin ta banka wa mijinta wuta ya mutu 'yan watanni bayan ɗaurin aurensu. Na sakaya sunanta, domin al'adar shari'ar yara ita ce rufa musu asiri. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har zuwa ƙarshen 2012, lokacin da babbar kotun jiha ta yanke mata hukuncin kisa. A lokacin ta zama mace babba, har tana da jinjira da ta zauna da ita a gidan yari. A 2014 Kotun ECOWAS ta yanke cewa an tauye mata haƙƙi, tunda ƙaramar yarinya ce a ranar da abin ya faru, ta kuma umarci a biya ta diyya. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan, sannan a 2016 Gwamna Aminu Bello Masari ya sake ta. Shekara goma ke nan ana abu ɗaya. Dangin mamacin ba su samu abin da zai share musu hawaye ba, yarinyar ta ƙare ƙuruciyarta tsakanin kotu da kurkuku, jiha kuma ta sha kunya a kotun ƙasashen waje. Da an bi da ita ta hanyar da aka tanadar wa yara tun ranar farko, da kowane ɓangare ya fi samun sauƙi.

Tunda akasarin masu kiran a tsananta hukunci da sunan addini suke magana, bari mu duba abin da malamanmu suka karantar da mu a zaure. Sananne ne a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mai taɓin hankali har ya warke. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana gane balaga ta alamomin jiki, kamar mafarki da haila da fitowar gashi. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, mashahurin zance a mazhabar, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, shi ne sai an cika shekara 18. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsaya a 15. Wato dai adadin 18 da wasu ke ɗauka baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana, yana nan cikin littattafan da ake karantawa a Daura da Katsina tun kafin zuwan Bature.

Bugu da ƙari, duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ba a yi wa yaro ƙisasi. Idan yaro ya yi kisa, ko da gangan ne, hukuncinsa hukuncin kuskure ne, diyya kuma tana hawa kan danginsa na wajen uba. Idan dukiya ya lalata, za a biya. Shi kuma alƙali yana da ikon ladabtar da shi gwargwadon abin da zai gyara shi. A duba hikimar da ke cikin wannan tsari: jinin mamaci bai tafi a banza ba, yaron bai halaka ba, dangin da suka yi sakaci da tarbiyyarsa kuma sun ji a jikinsu.

Gaskiya ne akwai wurin da fiƙihu da dokar zamani suka saɓa. Matashi ɗan shekara 16 da alamomin balaga suka bayyana gare shi mukallafi ne a wajen malamai, alhali dokar zamani tana kiransa yaro. Ba zan ɓoye wannan ba, kuma fagen fatawa na malamai ne. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mu tuna. Na farko, mafi yawan laifuffukan da ake kama matasa da su, irin su faɗan daba da shaye-shaye da ƙananan sace-sace, ba sa cika sharuɗɗan haddi, suna faɗawa ne a babin ta'aziri, inda hukuma ke da damar zaɓen horon da ya fi dacewa. Na biyu, ƙa'ida ce tabbatacciya cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma babu shubuhar da ta kai rashin sanin shekarun wanda ake tuhuma da matsayin hankalinsa. Na uku, keɓe kotu ta musamman ga matasa da raba ɗakin tsaronsu da na manya tsari ne na shugabanci, bai soke hukuncin Allah ko ɗaya ba. Babu littafin fiƙihun da ya wajabta a kwantar da ɗan shekara 15 a ɗaki ɗaya da ɗan fashin da ya shekara ashirin yana tare hanya. Ko a kisan ganganci ma, ƙofar afuwa da karɓar diyya a buɗe take, Alƙur'ani kuma ya kwaɗaitar da shiga ta cikinta.

To, me dokar ƙasa ta ce? A nan ne ruɗani yake, domin dokokin namu sun hau kan juna. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta ce abin da yaro ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, haka kuma wanda ke tsakanin 7 da 12 idan hankalinsa bai kai ya gane sakamakon aikinsa ba. Da ka tsallaka Kwangwalam ka shiga Jamhuriyar Nijar, iyakar tasu shekara 13 ce, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara kuwa ya ba da shawara a 2019 cewa kada a yi ƙasa da 14. A ɗaya ɓangaren, Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1991, wadda ta haramta yanke hukuncin kisa a kan laifin da aka aikata kafin cika shekara 18. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi kotun iyali, ta hana ɗaure yaro a kurkuku ko yanke masa hukuncin kisa. Jihar Katsina ta yi tata dokar ta kare yara a 2020. Kafin nan, a 2019, ɗan wannan gari, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, dokar da ta ce kada a tsare ƙananan masu laifi a gidajen manya. A takarda dai babu abin da muka rasa.

Abin da ke faruwa a zahiri kuwa, duniya ta gan shi ranar 1 ga Nuwamban 2024. A watan Agustan shekarar an yi zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwa da yawa na Arewa, har a nan Daura matasa sun fito. Bayan wata uku, sai aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne, akasari daga Kano da Kaduna, sun rame sun ƙanjame. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10, kuɗin da iyayensu ba su taɓa gani ko a mafarki ba. Sai da hotunan suka karaɗe duniya, sannan Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakinsu ranar 4 ga watan. A Abuja aka yi wannan, inda dokar 2003 ke aiki kai tsaye. Idan haka ta faru a gaban kyamarori, sai mai karatu ya auna abin da ke samun yaron da aka kama a ƙauyen Baure ko Zango, wanda babu ɗan jaridar da zai ji labarinsa.

Masu cewa tsananta hukunci zai tsorata sauran yara suna da hujjar da ta cancanci amsa, kuma akwai ƙasashen da suka gwada. A shekarun 1990 jihohin Amurka da dama sun sauƙaƙa hanyar miƙa matasa ga kotunan manya. A 2007 wani kwamitin masana da ke aiki tare da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ya tattara binciken da aka yi a kan sakamakon hakan, ya gano cewa matasan da aka kai kotun manya sun fi takwarorinsu da aka bari a kotun yara sake aikata laifi da kimanin kashi 34 cikin ɗari. Tun a 2005 ma Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta zartar da kisa a kan wanda bai kai 18 ba lokacin da ya yi laifin. A Ingila, yara biyu 'yan shekara 10 da suka kashe wani ɗan shekara 2 a 1993 an yi musu shari'a a kotun manya, amma a 1999 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce shari'ar ba ta yi adalci ba, domin yaran ba su iya bin abin da ake faɗa a kansu ba, balle su kare kansu. Indiya ce ta bi ta ɗaya hanyar: bayan fyaɗen da ya girgiza birnin Delhi a 2012, ta yi doka a 2015 da ta ba da damar yi wa 'yan 16 zuwa 18 shari'ar manya a manyan laifuffuka. Amma ko a can, sai wani kwamiti ya fara auna hankalin matashin, kuma ba a yanke masa hukuncin kisa.

Dalilin da ya sa tsoratarwa ba ta cika tasiri a kan matashi ba, iyayenmu sun san shi tun kafin likitoci su auna ƙwaƙwalwa. Shi ya sa suke cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Masana sun tabbatar da cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne fushi ba ya kammala nuna sai an haura shekara ashirin. Yaron da ya sha ƙwaya, abokai na zuga shi, ba ya lissafin shekarun ɗauri kafin ya zaro wuƙa. Abin da kurkukun manya ke ƙara masa shi ne malamai a fannin ta'addanci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kimanin kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, wasunsu shekara da shekaru. Yaron da ya shiga saboda satar akuya zai fito da lambobin wayar masu sayar da bindiga, kuma unguwarmu zai dawo.

To ina za a kai shi? Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana da gidajen horon matasa guda uku ne kacal da ake kira Bostal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Rashin irin waɗannan wurare shi ya haifar da abin da idonmu ya gani a wannan gari a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Garin Daura suka fito da mutum 67, masu shekaru daga 7 zuwa 40, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Makonni kaɗan kafin nan an buɗe irinsa a Rigasa ta Kaduna, kwanaki kaɗan bayan nan kuma aka buɗe wani a birnin Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai akasarin waɗannan yara, saboda shaye-shaye ko sata ko gagara. Na san iyaye irin waɗannan, kowa ma ya san su. Ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ne. An rufe gidajen mari, kuma daidai ne a rufe duk inda ake azabtar da ɗan Adam. Amma uban da ɗansa ya gagare shi a yau, wace hukuma zai nufa? Kuskuren da aka yi a gidan marin, wato haɗa ɗan shekara 7 da ɗan shekara 40 a ɗaki ɗaya, shi ne dai ake kiran gwamnati ta yi da sunan doka.

Akwai kuma masu cewa idan aka sassauta wa yara, manyan miyagu za su riƙa tura su gaba. Wannan gaskiya ne, kuma yana faruwa. Mutanen Jibiya da Batsari da Ƙanƙara da Faskari sun sha ba da labarin samari ƙanana da suke gani riƙe da bindiga cikin 'yan bindigar daji. Amma wannan hujja ce ta ninka hukunci a kan babban da ya ɗora wa yaro bindiga, da dillalin da ya sayar masa da ƙwaya, da mai shagon da ke sayen wayar sata, da ɗan siyasar da ke raba wa ƙauraye kuɗi lokacin zaɓe. A 2019 gwamnatin jiha ta zauna sulhu da shugabannin 'yan bindiga, Gwamnatin Tarayya kuma tun 2016 take gudanar da shirin gyaran halin tubabbun mayaƙan Boko Haram, wanda sansaninsa ke Malam Sidi ta Jihar Gombe. Ƙasar da ta yarda cewa babban da ya jagoranci kisa yana iya tuba a karɓe shi, da wane baki za ta ce ɗan shekara 15 ya wuce gyara?

Haƙƙin wanda aka zalunta shi ne abin da ya fi damuna, kuma a nan tsarin da muke bi yanzu ya fi gazawa. Matar da aka kashe wa miji ba ta samun ko ƙwandala idan an ɗaure yaron shekara ashirin. Da kotu za ta wajabta wa dangin yaro biyan diyya ko ramuwar abin da aka lalata, kamar yadda fiƙihu ya tsara, gwamnati ta cika inda suka gaza, da marayu sun samu abin riƙewa, da kuma kowane uba ya san inda ɗansa ke kwana. Wanda ya yi babban laifi yana ɗan 16 ko 17 kuwa, a tsare shi tsawon lokacin da ya dace da girman laifin, a keɓantaccen wuri mai karatu da sana'a da maganin shaye-shaye, alƙali ya riƙa duba lamarinsa lokaci zuwa lokaci, kada a sake shi sai an tabbatar ba zai cutar da kowa ba. Wannan hukunci ne mai nauyi, babu sakaci a cikinsa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an san shekarun yaro. A shari'ar Abuja ta 2024, lauyan masu gabatar da ƙara ya shaida wa 'yan jarida cewa waɗanda aka gurfanar manya ne, wasunsu ma da aurensu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Inda babu takarda, sai ɗan sanda ya dubi tsawon yaro ya rubuta 19, shi ke nan an rufe masa ƙofar kotun yara. Haka nan ƙato ɗan shekara 22 kan rantse cewa 16 yake. Rashin takardar haihuwa yana cutar da ɓangarorin biyu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ɓangaren shari'a su tabbatar da cewa akwai kotun iyali mai zama a kai a kai a shiyyar Daura, tare da gidan tsaron yara mai inganci da zai wadaci ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su haɗa hannu da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta yadda duk jaririn da aka raɗa wa suna ranar bakwai za a rubuta shi a wannan rana, tunda liman da mai unguwa suna wurin. Malamanmu su fito da babin laifin yaro da diyya daga cikin littafi su kai shi kan mumbari, domin jama'a su san cewa tausaya wa yaro mai laifi da ƙwato haƙƙin wanda aka zalunta duk umarnin addini ne. Lauyoyi da ɗaliban shari'a 'yan wannan yanki su riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda da gidajen yari suna tambayar shekarun waɗanda ke tsare. Mu iyaye kuma mu tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kafin yaro ya isa gaban alƙali ya ratsa ta gaban uba da maƙwabci da malami da mai unguwa.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaran nan namu ne, waɗanda suke cutarwa ma namu ne. Ko mun ɗaure su shekara nawa, ranar fitowarsu tana tafe, kuma halin da za su fito da shi ya danganta da inda muka ajiye su. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.